Dab ko daf? Baƙin ƙarshen kalma da rumbun da ya kamata mu gina wa harsunanmu

 

Maganarmu ta yau a kan wani abu ne ɗan mitsitsi, wanda faɗarsa ba ta kai ƙiftawar ido ba: baƙin da ke zuwa a ƙarshen kalma. Ku duba saƙonnin da ke cikin wayoyinku. Wani ya rubuta "dab da magariba", wani ya rubuta "daf da magariba". Wannan ya ce "gab", wancan ya ce "gaf". Akwai masu "tsab", akwai masu "tsaf". Ko sunan birnin Abzin guda uku ne a takarda: Agadez, Agadès, mu kuma Hausawa mu ce Agadas. To wane ne ya yi daidai? Kuma wa zai yanke hukunci, da wace hujja?

Za a ce wannan ai gardamar marasa aikin yi ce. Mu dai ba mu ɗauke ta haka ba. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki ne, irin waɗannan ƙananan tambayoyi sun tashi daga hira sun koma maganar littafin lakol, ƙamus, takardar gwamnati da jarabawar ɗiyanmu. Ra'ayinmu a fili ya ke: kafin a zauna a ofis a yanke yadda za a rubuta, a fara zuwa gari-gari a ɗauki muryar mutane, a zuba ta cikin rumbun bayanai na kwamfuta wanda kowa zai iya bincikawa, kuma rumbun ya zauna a nan gida. Bari mu kawo dalilanmu ɗaya bayan ɗaya.

Da farko ku ɗora yatsa a maƙogwaro, ku ja "zzz". Za ku ji wurin yana rawa. Yanzu ku ja "sss". Rawar ta ɗauke. Wannan rawa ta tantanin maƙwallato ita malaman Hausa ke kira ziza. Baƙaƙen z, d, g, b da j masu ziza ne. S, t, k, f da c ba su da ita. Bakinka da harshenka suna wuri guda in za ka faɗi "d" ko "t", zizar ce kaɗai ta raba su. Ita ce ta raba "dara" da "tara", ta raba "gaba" da "kaba", ta raba "zuma" da "suma". Kun ga abin ba na wasa ba ne.

Abin da masana suka daɗe da lura shi ne, a harsuna da yawa na duniya zizar nan tana mutuwa in baƙin ya zo ƙarshen kalma. Bajamushe yana rubuta Hund, wato kare, amma da "t" ya ke ƙare ta. In ya ce karnuka, Hunde, sai "d" ta dawo da ranta don wasali ya biyo ta. A Jamusancin dai, Rad, wato ƙafar keke ko ta mota, da Rat, wato shawara, kunne ba ya raba su. Haka abin ya ke a harshen Holan, da na Polan, da na Cek, da na Kataloniya, da na tsibirin Malta wanda asalinsa Larabci ne. A Rashanci ma haka: sunan bindigar nan da duk mun sani, Kalashnikov, da "f" ya ke ƙarewa a bakin mutanen Rasha, shi ya sa Faransawan da suka rubuta sunaye irin su Romanoff da "ff".

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Turkiyya, don kalmomin Larabci ne da mu ma muka ara. Kitab ya zama kitap. Ahmad ya zama Ahmet. Sunan shugabansu, Recep Tayyip Erdogan, ba wani abu ba ne illa Rajab da Tayyib da zizar ƙarshensu ta mutu. Amma in Baturke ya liƙa wasali ya ce "littafinsa", sai "b" ta sake fitowa. Ku kuma da kuka yi lakol, kun haddace neuf da neuve, vif da vive, ba tare da an gaya muku dalili ba. Dalilin kenan: tsohon Faransanci ya kashe zizar "v" a ƙarshen kalma ta koma "f", ta mace kuwa wasalin da ke bayanta ya tsare ta. Faransancin yau ya bar wannan ɗabi'a, shi ya sa ya ke raba vide da vite, kamar yadda Ingilishi ke raba bed da bet.

Me ya sa harsunan da ba su haɗa dangi ba, kamar Turkanci da Jamusanci, suka faɗa rami guda? Amsar tana cikin ƙirjin ɗan Adam. Ziza ba ta samuwa sai iska na wucewa ta maƙogwaro. In ka rufe leɓɓa don faɗin "b", iskar na taruwa a baki, ba ta da mafita, sai gudunta ya tsaya, rawar ta tsaya. A ƙarshen zance kuma numfashi ya riga ya yi rauni, maƙogwaro na shirin buɗewa don shaƙar sabuwar iska. Yaro mai koyon magana ya ji "b" ɗin da rabinta ya mutu, sai ya ɗauke ta a matsayin marar ziza, haka har ta zama dokar harshe. Saboda haka ne ake samun mutuwar ziza a ƙarshen kalma ko'ina, akasinta kuwa, wato marar ziza ya samu ziza a ƙarshe, da wuya ƙwarai. Masana sun yi ta kai-komo a kan haka. A 2004 Alan Yu ya kawo hujjar cewa harshen Lezgi na duwatsun Kaukasus yana yin wannan akasi. A shekarar ce Juliette Blevins ta fitar da littafinta mai cewa tarihin furuci ne ke bayyana irin waɗannan dokoki, Paul Kiparsky kuma ya mayar mata da martani a 2006, yana ganin akwai iyakar da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta sa wa harshe. Abin lura a gare mu: duk wannan babbar gardama ta rataya ne a kan bayanan ƴan harsuna ƙalilan da wani ya je ya saurara ya rubuta. In wanda ya rubuta ya ji ba daidai ba, duk ginin ya karkace.

To ina Hausa a ciki? Hausa tana da tata dabara: ba ta son kalma ta ƙare da baƙi, sai ta ƙara wasali. Inda Baturke ya ce Ahmet, mu muka ce Amadu. Dawud ya zama Dauda, Ya'aƙub ya zama Yakubu ko Yakuba, Ayyub ya zama Ayuba, Zainab ta zama Zainabu, magrib ta zama magariba, hijab ya zama hijabi. Wasalin nan shi ya ceci "d" da "b". Sai dai akwai inda Hausa ke barin baƙi a ƙarshe, musamman kalmomin amsa-kama: fari fat, ɗaya tak, ya tsaya cak, sun ƙare kaf, takwas cif. Ku lura da kyau, t ce, k ce, f ce, s ce, marasa ziza. A nan ne gardamar "dab" da "daf" ta samo asali. Sannan ga sababbin kalmomin aro da sunaye da matasa ke faɗa ba tare da ƙara wasali ba, irin su kulob, Aziz, Zainab, Khalid. Ku kasa kunne a kasuwa ko a tashar mota ku ji yadda ƙarshensu ke fita a bakin mutane daban-daban, za ku sha mamaki.

Ƙarshen gaɓa ma fage ne da karin harshenmu ya rabu. Tun wajen 1928 wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana dokar da har yau ake kira da sunansa: baƙin da ya rufe gaɓa a Hausa yakan yi laushi ya rikiɗe. Shi ya sa muke da talaka amma talauci, ɓata amma ɓarna. A Kano dokar ta cinye har baƙaƙen leɓɓa, suka ce sauka, zauna, sauro, aure. A yammacin ƙasar Hausa, har da garuruwanmu da dama, tsohuwar siffar na nan da ranta: sabka, zamna, sabro, amre ko arme. Ga biyar, biyat da biyal. Ga harshe da halshe. Wannan ba mutuwar ziza ba ce kai tsaye, amma wuri guda ne abin ke faruwa, wato bakin gaɓa, inda kowane harshe ke zaizayewa. Kuma kakarmu da ke cewa "zamna" ba kuskure ta ke ba. Ita ce ma ta riƙe tsohuwar Hausa.

Yanzu ga inda takarda ke yaudara. Jamusawa sun zaɓi su rubuta asalin kalma, Hund da "d", ko da ba haka su ke faɗa ba. Turkawa, da suka koma haruffan boko a 1928, suka zaɓi rubuta abin da kunne ya ji, kitap da "p". Kowane zaɓi na da amfaninsa. Amma wanda ya ɗauki ƙamusun biyu kawai, bai taɓa jin muryar masu harshen ba, zai rantse cewa Turkanci na kashe ziza, Jamusanci ba ya yi. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan fage ji ne ke korar gani.

Ko kunnen ma ba a sakar masa ragama duka. A 1985 Robert Port da Michael O'Dell sun auna furucin Jamusawa da na'ura, suka tarar Rad da Rat ba su zama abu guda ɗari bisa ɗari ba: akwai ɗan bambancin tsawon wasali, na wani yanki ƙanƙane na daƙiƙa. Wasu masana suka ce a'a, rubutun da aka ba mutanen su karanta ne ya ja bakinsu. Darasi biyu muka samu a nan. Na ɗaya, a ajiye muryar kanta, don na baya ya sake aunawa. Na biyu, a ɗauki mutane suna hirarsu ta yau da kullum, kada a miƙa musu takarda a ce su karanta, don ɗan boko in ya ga "b" a rubuce zai matsa ya faɗe ta ko ba haka ya ke faɗa a gida ba.

A nan kayan aikin zamani suka shigo. Masu binciken harshe na da, ƴan ƙananan takardu su ke cikawa, kalma guda takarda guda, su jera cikin kwalin takalmi. Shi ya sa da ƙungiyar SIL ta fitar da manhajarta ta farko ta wannan aiki aka sa mata suna Shoebox, wato kwalin takalmi. Daga baya ta zama Toolbox, yanzu kuma wadda aka fi aiki da ita ita ce FieldWorks, da aka fi sani da FLEx. Kyauta ce, ba a biyan ko dala. A cikinta kowace kalma na da gidanta: ga yadda ake rubuta ta, ga yadda ake furta ta, ga muryar wanda ya faɗa a liƙe, ga ma'ana da Faransanci ko wani harshe, ga jimlar misali, ga sauran siffofinta da sunan yankin da ake faɗin kowace. Wato "sauka" da "sabka" suna zama gida ɗaya, ba wadda ta kori wata. Za ka iya ce mata ta jera kalmomi daga ƙarshensu maimakon farkonsu, ko ta fito maka da duk kalmar da ta ƙare da "b" ko "f" a cikin dubbai. Aikin da zai ci wa mai kwalin takalmi watanni, kafin shayi ya tafasa an gama.

Ta biyu ita ce ELAN, daga cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan. Ita aikinta ɗaure rubutu da murya ko bidiyo, daƙiƙa da daƙiƙa. Ka danna kalma a rubuce, ka ji tsohuwar da ta faɗe ta. Ta uku ita ce Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na jami'ar Amsterdam suka ƙera. Tana zana hoton murya a allo. In akwai ziza za ka ga wani baƙin layi a ƙasan hoton, in ta mutu layin ya ɓace, kuma ka auna tsawonsa. Gardamar "ni b na ji", "ni f na ji" ta ƙare kenan. Akwai kuma SayMore mai tsara faya-fayen da aka ɗauka tare da bayanin wa ya yi magana, a ina, yaushe, da shaidar yardarsa. Akwai WeSay da aka yi don mutanen gari su tara ƙamus da kansu ba sai sun yi karatun ilimin harshe ba. Akwai Keyman mai ba da damar buga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ yadda ya kamata. Duka kyauta ne.

Ku ɗauka ɗaliba guda a jami'ar André Salifou ta Damagaram, da ɗalibi a Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, da wani a Djibo Hamani ta Tawa, kowane ya ɗauki hirar mutum talatin, maza da mata, tsofaffi da matasa, na birni da na ƙauye. Su zuba a rumbu guda mai tsari guda. Sai a tambayi rumbun: "dab" ɗin nan, yaya ta ke fita in "da" ta biyo ta, yaya ta ke fita in ita ce ƙarshen zance? Bakin ƴan shekara ashirin ya bambanta da na ƴan saba'in? Tasawa da Madawa abu guda su ke faɗa? Ranar da kwamitin daidaita rubutu zai zauna, da hujja a hannunsa zai zauna. Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a wannan fage: bayan taron Bamako na 1966, a Yamai aka yi taron 1978 kan haruffan harsunan Afirka, kuma a 1999 gwamnati ta fitar da ƙa'idojin rubutun harsunanmu. Waɗancan magabata da kunne da alƙalami suka yi aikinsu, Allah ya saka musu. Mu da muka samu abin da ba su samu ba, mene ne uzurinmu?

Kada kuma a ɗauka maganar Hausa ce kaɗai. Hausa ma ai ta fi sauran gata. Tana da ƙamusun Bargery na 1934, wanda har ya nuna kalmar da ta fito daga Katsina ko Sakkwato. Tana da babban littafin nahawu na Paul Newman na 2000. Hausar Adar ta samu littafin Bernard Caron a 1991. Amma dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, cikinsu har da Tasawak ta mutanen Ingal da Buduma ta mutanen tafkin Cadi, waɗanda masu jin su ba su da yawa. Tamajak, Fulfulde da Larabci kuma cike su ke da kalmomi masu ƙarewa da baƙi, ga masu su suna cuɗanya da Hausawa kullum a kasuwa. Irin wannan wuri ne masanan duniya ke nema don su ga yadda ƙarshen kalma ke sauyawa in harsuna sun gogi juna. Kuma muna da izina a gabanmu. A 1850 da Heinrich Barth ya shiga Agadas, ya tarar mutanen birnin na magana da wani harshe dangin Songai, ya rubuta kalmominsa. Yau ba mai jin wannan harshe. Abin da ya rage shi ne abin da kunnen baƙo Bajamushe ya ji ya rubuta, kuma kun dai ga yadda Jamusanci ke yi da ƙarshen kalma. Ba wanda za a koma a tambaya. Barth ba shi da na'urar ɗaukar murya. Mu kowane na da ita a aljihu.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu na da nauyi. Za su ce ƙasa na fama da tsaro, da tsadar hatsi, da azuzuwan zana, ku kuna maganar "b" da "f". Gaskiya ne ciki shi ne gaba. Amma aikin nan ba ya cin kuɗin gina aji ko guda. Manhajojin kyauta ne, kwamfuta ɗaya da faifan sola sun isa sashe guda, ɗalibai kuwa dama dole su rubuta kundin ƙare karatu. Bambancin kawai shi ne kundin ya bar murya a baya maimakon ya kwanta a kabad ƙura ta rufe shi. Kuma yaron da aka koya wa karatu da rubutun da ya dace da bakinsa ya fi saurin kamawa. In littafin aji ya nuna masa cewa abin da uwarsa ke faɗa kuskure ne, mun koya masa raina gida tun yana ɗan shekara bakwai.

Wasu za su ce kayan Turawa ne, kuma wasunsu ƙungiyar mishan ce ta ƙera su. Haka ne, SIL ƙungiya ce ta Kirista mai aikin fassarar Littafi Mai Tsarki, ba abin ɓoyewa ba ne. Amma FLEx na aiki a kwamfutarka ba tare da intanet ba, abin da ka zuba naka ne, sai ka ga dama ka aika wa wani. Garma ba ta tambayar addinin manomi. Inda tsoron ya ke da gaskiya shi ne wajen mallaka. An daɗe ana zuwa ƙasashenmu a ɗauki murya da hoto a tafi, jikokin masu maganar ba su san inda aka kai ba. Manyan rumbunan duniya irin su ELAR da ke Berlin da Pangloss ta Faransa suna aikin adanawa mai kyau, kuma ajiye kwafi a waje kariya ce daga gobara da ambaliya. Sai dai kwafin farko ya zauna a nan: a IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni, wadda dama ke riƙe da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, ko a CELHTO, cibiyar Tarayyar Afirka ta tarihin baka da ke Yamai, da kuma jami'ar jihar da aka ɗauki muryar. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Akwai haɗari na uku da mu kanmu muke jan kunne a kai. Rumbun bayanai na son tsabta, yana son kowace kalma ta samu siffa ɗaya da za ta hau sama. In mai shigar da kalmomi malalaci ne, zai ji "sabka" ya buga "sauka" don ita ya saba gani a littafi, shi ke nan ya shafe Hausar wani yanki da yatsa guda, kuma na'ura za ta maimaita kuskurensa sau dubu. Maganinsa ƙa'ida ce mai sauƙi: gurbin rubutu daban, gurbin furuci daban, murya a liƙe, sunan gari a rubuce. Kalmar da ba ta da murya a bayanta, a ɗauke ta a matsayin jita-jita har sai an samo shaida.

Abin da ya sa muke gaggawa shi ne wayoyin hannu. Kamfanoni na koya wa na'urori jin Hausa da rubuta ta, kuma da abin da suka samu a intanet su ke koya musu. Abin da ya fi yawa a can Hausar jaridu da gidajen rediyon ƙetare ce, wadda ta fi karkata ga ta Kano. Ba laifin Kanawa ba ne, su sun rubuta tasu. Amma in ba mu zuba tamu ba, gobe manomin Dakoro zai yi wa waya magana ta kasa gane shi, ko ta "gyara" masa bakinsa. Shirin Common Voice na Mozilla na karɓar muryoyin Hausa daga duk mai so. Muryoyin Gobir, Adar, Arewa da Damagaram su ma su shiga.

Ga abin da muke roƙo. Sassan harsuna na jami'o'inmu su sa koyon FLEx, ELAN da Praat cikin darasi, kuma kada a karɓi kundin da ya shafi harshe sai da faya-fayen muryarsa. INDRAP da ma'aikatar ilimi su fitar da tsari guda na shigar da kalmomi, don aikin Tawa ya haɗu da na Diffa ba tare da an sake bugawa ba; an riga an ga amfanin irin haka lokacin da aikin DiLAF ya ɗora ƙamusun Hausa, Zabarmanci, Barbarci da Tamajak na makarantunmu a intanet. Gidajen rediyon karkara, ku da kuke da hirarrakin tsofaffi na shekara da shekaru, kada ku goge don neman wuri. Ku rubuta ranar da garin da sunan shirin, ku ajiye kwafi biyu. Ku kuma matasa, in za ku ɗauki kaka ko kakanku, ku nemi yardarsu tukuna, ku gaya musu inda muryar za ta je. Ku zauna wuri marar hayaniya, nesa da injin niƙa da janareta. Ku ɗauka da tsarin WAV, kada ku dogara da saƙon murya na WhatsApp, don yana matse sauti ya zubar da wani abu daga ciki, alhali ɗan abin nan na ƙarshen kalma shi ake nema. Ku bar su su yi tatsuniya, su ba da labarin yunwar da suka gani, su faɗi sunayen itatuwa da na kayan saƙa da na ƙira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dab ko daf? Mu ba za mu yanke muku ba, don hukuncin ba na shafin nan ba ne, ba na wani ofis ba ne shi kaɗai. Amsar na bakin mutanen Gidan Rumji, Mirya, Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi, kuma kullum ana binne wasu daga cikin masu ita. A je a ɗauko tun suna nan.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Ku gaya mana yadda ake faɗa a garinku, in da hali ku faɗa da murya. Sai mun ji daga gare ku.